Yadda ake yin siririn falle mai kama da leda daga garin katako

Duk shekara idan lokacin furojet ya kama, tambayar nan sai ta dawo mini. Ɗaliban sinadarai da na fasahar abinci a nan Kaduna, har da masu turo saƙo daga Zariya: "Malam, wai da gaske ne ana yin leda da garin katako? Yaya ake yi?" Wasu ma sun riga sun gwada, sai su zo mini da abu a cikin ambulan, ruwan ƙasa, ya kanannaɗe ya farfashe kamar ƙanzon tuwo. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi daki-daki, yadda muke yi a ɗakin gwaji.

Mu fara gyara suna. Leda daga man fetur ake yin ta. Abin da za ku samu falle ne na selulos, wato zaren da ke jikin itace, wanda shi ne kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na busasshen katako. Ragowar galibi abu biyu ne: liginin, ƙaron da ya manne zaruruwan ya ba katako tauri da launi, da kuma hemiselulos. Aikinku ku raba zaren da liginin, ku tsattsage shi har ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba, sannan ku bar ruwa ya fita a hankali. Zaruruwan da kansu suke kama juna yayin bushewa, ba a sa gam. Don haka tun daga tukunyar farko har ranar gwaji, hankalinku ya kasance a kan ruwa: wane iri ne, nawa ne, kuma yaushe aka bar shi ya tafi. Yawancin ayyukan da na ga sun lalace, a nan suka lalace.

Mataki na 1: Kayan aiki, da inda kuɗi ke tafiya

Na gina lissafin a kan giram 50 na garin katako. In ba a yi ɓarna ba, zai ba ku falle sama da hamsin masu faɗin farantin Petri, ɗan farantin nan na ɗakin gwaji.

Ku tanadi sodar haɗa sabulu kamar giram 200, ƙaramar kwalbar gilisarin, takardar auna pH (mai nuna ko ruwa na da asid ko kaifin soda), tamomita mai kaiwa digiri 100, tukunyar sitenles ko babbar bika ta gilas mai jure wuta, ƙyalle mai ƙananan ido irin na tace kamu, farantan Petri na roba masu faɗin santimita 9, safar hannu ta roba da tabarau na kare ido. Sai maganin cire launi, wanda zan yi bayaninsa a mataki na 4.

Garin katako kusan kyauta ne, soda da gilisarin ma ba su da tsada, masu sayar da kayan haɗa sabulu da kemis-kemis duk suna da su. Abu uku ne ke cin kuɗi: sikeli mai auna har giram 0.01 irin na masu sayar da zinare, bilanda mai ƙarfi, da tataccen ruwa na distil, wanda za ku sha mamakin yawan da za ku kashe, lita 20 ba ta yi yawa ba. Shawarata ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayi sikeli da bilanda ɗaya. Kada a ɗauko bilandar girkin gida, kuma wadda aka yi aikin nan da ita ba ta komawa kicin.

Hattara: wasu kan sayi ruwan batir a madadin distil don ya fi araha. Akwai wanda zallan ruwa ne, akwai wanda aka sirka da asid. Ku tsoma takardar pH kafin ku biya kuɗi.

Mataki na 2: Zaɓen gari

Ku je wurin 'yan katako, a Panteka ko duk inda ya fi muku kusa, ku roƙi mai injin ya tara muku garin itace iri ɗaya. Kada ku kwashi na ƙasa, domin ya haɗu da yashi, baƙin mai da garin filawud, shi kuwa filawud gam ne a cikinsa. Farin katako ya fi sauƙi, kuma malaina ce zaɓina na farko. Ba banza aka dasa ta da yawa a kudancin ƙasar nan domin masana'antun takarda irin na Iwopin da Oku Iboku ba. Itacen turare, irin wanda aka dasa a dajin Afaka, shi ma yana yi. Jan katako kamar maɗaci zai cinye muku magani kafin ya yi fari. Ku tambayi sunan itacen ku rubuta, za a tambaye ku ranar kare furojet.

Ku tankaɗe da rariya mai laushi, ku ɗauki na ƙasa. A ɗakin gwaji rariya mai lamba 60 ake so, idonta kamar maikuron 250 (maikuron dubu ne milimita ɗaya). Ku tafasa garin a ruwa awa ɗaya, ku zubar da ruwan, ku shanya, ku auna giram 50. Wannan ce shanya ta ƙarshe da garin zai gani har sai ya zama falle.

Mai son ya koyi hannu kafin ya shiga dahuwa zai iya jiƙa farin tishu na banɗaki ya tsallaka zuwa mataki na 7. Takardar firinta ba ta yi, akwai alli a cikinta. Takardar tace ta ɗakin gwaji kuma yawanci da auduga ake yin ta, kada ku yi aiki da ita ku rubuta cewa itace ne.

Mataki na 3: Dahuwa da soda

Ku narka giram 50 na soda a lita ɗaya ta ruwa, wato kashi 5 cikin 100. Ku zuba garin, ku riƙe zafi tsakanin digiri 80 da 90 har awa biyu, ana juyawa da sandar gilas ko cokalin sitenles. Ruwan zai koma baƙi kamar shayin da aka manta a wuta. Ku tace a ƙyalle, ku ɗauraye, ku sake. Sau uku ya isa. Duk zagaye ruwan na ƙara haske.

Hattara: sodar ake zubawa cikin ruwa, kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kan soda, domin tana ɗaukar zafi ta fantsamo. Ku sa tabarau. In ta shiga ido, a yi ta kwarara ruwa minti 15 sannan a tafi asibiti. Kuma kada ku kusanci tukunyar alminiyom, irin ta ƙira da ake yi a Panteka. Soda na cin alminiyom ta fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, ga ku kuma a gaban murhu.

Kuskuren masu gaggawa shi ne ƙara soda don a gama da wuri. Idan ta haura wajen kashi 12 cikin 100, tsarin selulos ɗin kansa ya fara sauyawa zuwa wani iri, zaruruwan su manne, markaɗe ya gagara. Kuma ba a so a kwashe hemiselulos ƙarƙaf. Ɗan ragowarsa na taimaka wa zaren ya rabu cikin sauƙi.

Baƙin ruwan nan kada a kwarara shi a kwata yadda yake, ƙarshensa kogin Kaduna. Ku tara a jarka, ku sirka da ruwa, ku kashe kaifinsa da ruwan tsami na binega har pH ya sauko kusa da 7.

Mataki na 4: Cire sauran liginin

Bayan soda abin zai yi laushi amma har yanzu ruwan ƙasa ne. Hanya biyu ce.

Ta ɗakin gwaji ita ce sodiyam kulorait da asetik asid. Ga kowane giram 10 na zare, a lissafin busasshe: ruwa mililita 320, kulorait giram 3, asid mililita 1, a digiri 70 zuwa 75. Duk bayan awa ɗaya a ƙara kulorait da asid daidai wannan adadi, sau uku zuwa biyar, har ya yi fari kamar auduga. Ita ce ta fi fitar da aiki.

Hattara: wannan haɗi na fitar da iska mai guba, launinta rawaya-kore. Ba a yin sa sai a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, da ma'aikacin ɗakin gwaji a tsaye. Ba a ɗakin kwanan ɗalibai ba, ba a tsakar gida ba. Haka kuma kada wani ya ce bari ya kwaikwaya da bilic na wanki da binega, iskar kulorin zai shaƙa. Ruwan da ya rage daga wannan mataki a jarkarsa daban, ba ya haɗuwa da asid.

Wanda ba shi da akwatin hayaƙi ya yi da haidurojin feroksaid na kemis. Ku duba kwalba, kashi 3 ne ko 6. In 6 ne ku sirka rabi da rabi. Ku ɗiga ruwan soda har pH ya kai 11, ku zuba zaren, digiri 60 zuwa 70, awa ɗaya. Yana kumfa sosai, don haka rabin tukunya kawai, kuma ba a rufewa ruf. Ku maimaita sau uku ko huɗu da sabon haɗi. Ba zai yi fari tas ba, zai tsaya kamar launin madara da aka ɗiga wa shayi, fallen ma haka zai fito. Ni ban ɗauki wannan aibi ba, domin ragowar liginin na tare hasken rana mai ƙuna, muddin kun faɗi gaskiya a rahoto. A nan ku yi amfani da distil. Ruwan rijiya ko burtsatse mai ƙarfe-ƙarfe yana kashe feroksaid kafin ya yi aiki, ku ga kumfa ta tashi ku ɗauka abin kirki ake yi.

Mataki na 5: Wanki, kuma kada ya bushe

Ku wanke a ƙyalle, ku matse, ku sake, har ruwan da ke ɗiga ya nuna pH 7. Wankin farko-farko ruwan famfo ya isa, uku na ƙarshe distil. Sodar da ta rage ita ce ke fitowa daga baya kamar farin gishiri a kan falle, ta sa shi rawaya da saurin karyewa.

Yanzu ga gargaɗin da ya fi kowanne. Daga nan zaren ba ya bushewa. Idan ya bushe, ƙananan zaruruwan da ke cikinsa suna manne wa juna, kuma ko an sake jiƙa shi ba ya komawa yadda yake. Wata ɗaliba ta taɓa yin sati biyu tana wannan aiki, ta samu zare fari sol, aka tafi hutu. Da aka dawo ta kawo mini shi a leda, ya bushe ƙamas kamar ɓawon rogo.

"Malam, shanya shi na yi don kada ya yi fumfuna."

Na ce, "Ayya ɗiyata, da kin tambaya." Mun jiƙa shi kwana biyu, muka markaɗa fiye da awa, abin da ya fito takarda ce kawai mai kauri. Sai da ta koma wurin 'yan katako. Har yau ina jin zafin abin, domin ni ne ban faɗa mata tun farko ba.

Ku dunƙule shi da danshinsa a roba mai murfi, a firji, wajen digiri 4. Ban da firiza, ƙanƙara ma tana dunƙule zaren. In wuta ba ta zama a unguwarku, ku tsara aikin yadda ba zai wuce 'yan kwanaki a ajiye ba. Ku gutsuri kaɗan ku busar don sanin nawa kuka samu. Daga giram 50, in kun ga 20 ko ƙasa da haka kaɗan, kuna kan hanya.

Mataki na 6: TEMPO, ga mai hali

Wannan ba dole ba ne, amma shi ke raba falle mai hazo da mai haske kamar gilas. TEMPO sunan wani sinadari ne, aiki da shi kuma hanya ce da ɗakin binciken Farfesa Akira Isogai na Jami'ar Tokyo ya fito da ita wajen 2006. Tana sa wa fatar zaruruwan caji iri ɗaya, sai su riƙa ture juna, markaɗe kaɗan ya raba su har zuwa faɗin nanomita 3 zuwa 4 (nanomita dubu ne maikuron ɗaya).

Ga giram 1 na selulos: ruwa mililita 100, TEMPO giram 0.016, sodiyam buromaid giram 0.1, sai haifokulorait, wato sinadarin da ke cikin bilic, milimol 5, a zafin ɗaki. Ana juyawa, pH zai riƙa sauka, ku riƙa ɗiga ruwan soda mara ƙarfi kuna mayar da shi 10. Idan ya daina sauka an gama. A zuba ɗan etanol, a wanke da distil sosai. TEMPO daga waje ake kawo shi, da tsada, amma dubi adadin: giram ɗaya zai yi wa selulos giram 60. Aji guda na iya raba kwalba ɗaya.

Hattara: bilic na kanti mai kashi 3.5 zai buƙaci wajen mililita 10 ga kowane giram, sai dai ƙarfinsa na raguwa in ya daɗe a zafi, wani kuma da turare da sabulu a ciki. Ku nemi na ɗakin gwaji. Bayan TEMPO kuma ruwa mai gishiri-gishiri haram, yana sa abin ya guntse kamar nonon da ya tsinke.

Mataki na 7: Markaɗe

Ku sirka zaren ya zama giram 5 zuwa 7 a lita ɗaya ta distil. Zai yi muku kamar ya yi ruwa da yawa. Haka ake so. In ya yi kauri, wuƙar bilanda rami kawai za ta haƙa a tsakiya tana juyawa a banza.

Masu bincike a Jami'ar Kyoto sun nuna a 2011 cewa bilanda mai juyi 37,000 a minti tana tsattsage zaren itace zuwa ma'aunin nano cikin minti 30. Bilandar kasuwa ba ta kai wannan gudu ba, don haka ku ba ta lokaci: minti biyu tana aiki, minti biyar tana hutawa, har jimillar aikin ta kai minti 40 zuwa 60. Ku riƙa taɓa gindinta. Na ga bilanda biyu sun ƙone a hannun masu cewa bari su ƙarasa kafin a ɗauke wuta.

Ido da yatsa za su gaya muku inda kuka kai. Da farko kamar jiƙaƙƙen tishu, sai ya koma kamar koko, daga baya ya fara santsi da ɗan yauƙi. Wanda ya bi ta TEMPO cikin 'yan mintuna yake zama kamar man kitso mai haske. Ku zuba kaɗan a kwalba mai haske ku bar shi ya kwana. In da safe kun ga ruwa garau a sama, zare ya kwanta a ƙasa, da saura. In ya tsaya yadda kuka bar shi, ya yi. Dabarar da nake ba masu ƙaramar bilanda: ku ƙara ruwa ninki biyu, ku bar shi awa biyu, ku tsiyaye na sama mai hazo ku yi falle da shi, na ƙasa ya koma bilanda.

Mataki na 8: Lissafi kafin zubawa

Kada ku zuba da ka. Ku auna giram 10 na ruwan zaren a ɗan kwanon foyil, ku busar a oba, wato murhun busarwa na ɗakin gwaji, a digiri 105 har nauyi ya daina sauya. In abin da ya rage giram 0.04 ne, kaurinku kashi 0.4 cikin 100 ke nan.

Farantin santimita 9 faɗin cikinsa kamar murabba'in santimita 64 ne. Falle mai nauyin giram 30 a murabba'in mita, wanda kaurinsa zai kama maikuron 20 zuwa 25 in ya matse da kyau, yana buƙatar busasshen zare giram 0.19. A kashi 0.4 wannan ya zama mililita 48. Ku riƙe adadi ɗaya a duk farantan, in ba haka ba babu abin da za ku iya kwatantawa.

Gilisarin shi ke sa falle ya lanƙwasu ba tare da ya tsage ba. Ana lissafa shi a kan nauyin busasshen zare, kashi 10 zuwa 30 cikin 100. Ga giram 0.19, kashi 20 bai kai giram 0.04 ba, ɗigo ɗaya ke nan, don haka ku narka giram 1 a ruwa mililita 100 ku riƙa ɗiba da sirinji. Kuskuren da na fi gani shi ne lissafa shi a kan nauyin ruwan gaba ɗaya, sai a samu abu mai danƙo da ba ya bushewa har abada. Ku yi kashi huɗu: babu gilisarin, 10, 20, 30.

Bilanda na cusa iska. Ku juya a hankali da sandar gilas, ku bar shi ya kwana a rufe, ko a ja iskar da famfon zuƙa in akwai. Kowace kumfa da ta rage huda ce a falle.

Mataki na 9: Zubawa da shanya

Farantin roba, ba na gilas ba, domin selulos na kama gilas ya ƙi ɓantaruwa. Ku ari ma'aunin magina mai ɗigon ruwa ku daidaita teburin. Karkata kaɗan ta isa ta sa gefe ɗaya ya ninka ɗayan kauri. Ku zuba a tsakiya a hankali, ku fasa kumfar da ta taso da allura.

A oba, digiri 35 zuwa 40, kwana ɗaya zuwa biyu. Kada ku ƙara wuta: sama zai bushe ya rufe na ƙasa, ya tattare, farantin ma ya lanƙwashe. Ba a kai shi rana, ba a kunna masa fanka.

In a iskar ɗaki za ku shanya, to yanayin Kaduna ne zai yi muku hukunci. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska ta bushe ƙwarai, gefen falle na riga tsakiya bushewa, ya ja ya tsage, ga ƙura da ke shiga ko ta ina. Ku kifa kwali a kai, ku huda 'yan ƙananan ramuka a gefe, ku ɗora murfin farantin ya rufe rabi. Sannu ba ta hana zuwa. A watan Agusta kuwa matsalar ta juye: kwana biyar, shida, bai bushe ba, sai ɗigon fumfuna baƙi-baƙi. Lokacin nan ku nemi oba, ko akwati da ƙwan lantarki mai ɗumi a ciki.

Ya bushe idan ya daina sanyi a bayan yatsa kuma gefensa ya fara ɗagowa da kansa. Ku sa bakin reza ku ɗaga, ku ja a hankali. Ku sa shi tsakanin farar takarda biyu, ku danne da manyan littattafai kwana ɗaya.

Inda akwai mazurarin tace na Buchner da famfon zuƙa da matatar maikuron 0.45, tacewa ta fi sauri kuma fallen ya fi miƙewa. A tace har ya zama danshin waina, a sa tsakanin takardu masu shan ruwa, a danne da nauyi, ana sauya takardun har ya bushe. Matatar ce ke da tsada.

Mataki na 10: Gwada halayensa

Kafin kowane gwaji, ku daidaita danshi. Selulos na shan laimar iska, ƙarfinsa na sauya da ita. Falle ɗaya in aka gwada shi a Janairu zai yi ƙarfi da ƙaras-ƙaras, a Agusta ya yi laushi ya rage ƙarfi. Ƙa'idar gwajin takarda ita ce digiri 23 da danshi kashi 50. In babu ɗaki mai wannan tsari, ku haɗa naku: roba mai murfi, a ƙasanta kofi na gishirin girki da aka jiƙa har ya ƙi narkewa, yana riƙe danshi a kashi 75. Wata robar kuma da silika jel, ƙwayoyin nan masu shanye danshi, don bushewa. Ku ajiye samfur kwana biyu a kowace, ku gwada duka. Bambancin da za ku gani shi kaɗai babi ne a furojet.

Kauri: da maikuromita, na'urar auna kaurin siririn abu, wuri biyar, a ɗauki matsakaici.

Ƙarfi: in babu injin ja, ku yanka tsiri mai faɗin santimita 1 da sabuwar reza, ku manna kwali a bakinsa biyu don kada maƙalli ya yanke shi, ku rataya gora a ƙasa kuna zuba ruwa a hankali har ya tsinke, ku auna gorar. Tsiri mai kaurin maikuron 20 da ya ɗauki kilo 1 ya kai wajen megafaskal 49 a ma'aunin ƙarfin ja. Wanda masu bincike a Suwidin suka ruwaito a 2008 ya kai 214, wato irin wannan tsiri zai ɗauki fiye da kilo 4. Na bilanda ba zai kai can ba, kada ku damu, kuma kada ku ƙara adadi. Ku gwada tsiri biyar aƙalla, ku watsar da wanda ya tsinke a bakin maƙalli. Za ku lura ba ya miƙewa kamar leda. Ita takan ninka tsawonta kafin ta tsinke, shi kuwa kashi kaɗan cikin 100 ne. Gilisarin na ƙara miƙewa ya rage ƙarfi.

Haske: ku ɗora shi a kan rubutun jarida, sannan ku ɗaga shi santimita biyar sama. Da yawa na nuna rubutu in an manna su, su ɓoye shi in an ɗaga. A na'urar auna haske ana dubawa a nanomita 600, kuma fallen TEMPO mai kyau kan bar kusan kashi 90 cikin 100 na hasken ya ratsa.

Mai da iska: a nan fallen nan ya yi fice. Ku ɗiga man gyaɗa a kai, farar takarda a ƙasa, ku duba bayan awa ɗaya, bayan kwana ɗaya. Wanda ya matse da kyau ba ya bari mai ya ratsa. Haka yake tare iskar oksijin ƙwarai in yana bushe, shi ya sa masu binciken kayan ƙunshe abinci suka damu da shi. Amma da danshi ya yi yawa, zaruruwan na buɗewa, wannan kariya ta ragu.

Ruwa: ku ɗiga ku gani da idonku. Ɗigon zai baje, wurin ya kumbura ya yi laushi. Don tururi, ku sa silika jel a ƙaramin kofi, ku rufe bakinsa da falle, ku toshe gefe da kakin kyandir, ku sa a robar gishiri kuna aunawa kullum. Nauyin zai yi ta hawa. Saboda haka ina roƙonku, kada ku rubuta cewa zai maye gurbin ledar fiya wata ko ta ƙulla koko. Inda ya dace a dosa shi ne busasshen abu mai maiƙo, irin ƙuli-ƙuli da kilishi, ko a shafa shi a kan takarda. Ko nan ma gwaji ne. Abin da ya bi ta kulorait da TEMPO ba a naɗe abincin sayarwa da shi sai hukuma irin NAFDAC ta duba.

Wuta: ba ya narkewa kamar leda, don haka injin liƙe leda ba ya kama shi. Selulos na fara lalacewa wajen digiri 300, wanda ya bi ta TEMPO tun wajen 200.

Ruɓewa: ku binne gutsure a tukunyar ƙasa mai danshi tare da gutsuren leda, ku tono duk sati ku ɗauki hoto.

Sai maganar suna. In za a kai samfur FTIR, na'urar da ke gano sinadaran da ke cikin abu ta hanyar haske, ku duba wajen lamba 1510 a zanen da ta fitar, alamar liginin ce, ya kamata ta ragu ko ta ɓace bayan mataki na 4. Kalmar "nano" kuwa kada ta hau kan furojet ɗinku sai kun ga faɗin zaren a hoton na'ura mai iya nuna shi, ƙasa da nanomita 100. In ba ku samu ba, ku rubuta "ƙananan zaruruwan selulos", ba wanda zai kama ku. Kowane falle kuma a sa shi a ambulan ɗinsa, a rubuta da fensir: irin itace, zagayen soda nawa, minti nawa a bilanda, gilisarin nawa, ranar da aka zuba, ranar da aka ɓanɓare, da yadda garin yake a ranar, hazo ne ko hadari.